Sallahun da Iya Ba Ta Bayar Ba

Jibirin ya sake cusa kai ta tagar mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa ta Sinnar a ƙasar Sudan, ya ce tambaya ɗaya ce ta rage masa, daga ita ba zai ƙara ba.

"Ya zol, haka ka ce jiya," in ji mutumin da Larabci, yana fifita da guntun kwali. "Jirgin Niyala gobe ne. In Allah ya so ya iso da hantsi, in bai so ba sai la'asar. Ba ni ke tuƙa shi ba."

"To a Rahad fa? Sauka ake yi a canja jirgi, ko taragonmu za a kwance a ɗaura wa wani kai?"

"Ka zauna inda ka zauna har ka ji an ce Niyala. Kai kaɗai ne za ka yi tafiya a ƙasar nan?"

Na bayansa suka kwashe da dariya. Jibirin ko a jikinsa. Ya karɓi tikitinsa, ya duba gaba ya duba baya, ya sa a aljihun ƙirji ya fita yana murmushi. Mai tambaya ba ya ɓata, kuma in dai don tambaya ce, tun yana yaro mutanen garinsu Mai Wurno suka gaji da shi suka ƙyale.

Ma'aikaci ne a madatsar ruwa ta Makwar, aikinsa duba tsayin ruwa safe da yamma. Hutunsa na bara bai taɓa ba, ya haɗa da na bana. Da aka gama cirar auduga aka rufe manyan magudanai, sai aka sallame shi ya je ya huta. Abokan aikinsa in sun sami irin wannan hutu Iskandariyya suke zuwa shan iska, ko Asmara. Shi kuwa yamma ya nufa, Gwadabawa ta ƙasar Sakkwato, garin marigayi mahaifinsa Malam Mati, wanda ya baro gida da niyyar Makka, hanya ta ajiye shi a Mai Wurno har ƙasa ta rufe masa ido.

Ba gado zai je nema ba, ba kuma mata ba. So yake ya gani, tunda gani ya kori ji. An ce akwai ƙasar da in ka shiga kasuwa, tun daga mahauta har 'yan koli ba ka jin komai sai Hausa. Ɗan sanda Hausa, alƙali Hausa, har mai sayar da tikitin jirgi in zai yi maka tsawa da Hausa zai yi. An ce can ba mai duban ka ya ce Fallati, kamar yadda Larabawa ke kiran mutanen yamma. Tun yana goye yake jin wannan labari, kuma har yau bai gama gaskata shi ba.

A rumfar mai shayi ta bayan tasha ya tarar da Sambo direba, ɗan unguwarsu, wanda ya zo ganin iyali ya bar motarsa a Niyala. Tare za su hau jirgin gobe. Jibirin bai ko gama gaisuwa ba ya tattaro ƙwallayen dabinon da Sambo ya tofar, ya fara jera su a kan benci.

"Ga Sinnar. Jirgi ya bi da mu Kosti, Rahad, Babanusa, ya ajiye mu Niyala. Daga nan motarka ce: Jinaina, mu shiga Cadi ta Adire, mu wuce Abashe, har Fallomi babban birninsu. In shiga jirgin fito in ƙetare Kusuri, Kamaru ke nan. An ce akwai ƙananan motoci masu jigila daga bakin ruwa zuwa iyakar Najeriya. Maiduguri kuma bara jirgin ƙasa ya shigo ta, in hau shi zuwa Zariya, in canja na Gusau, sai bas zuwa Sakkwato. Ka ga kuskure?"

Sambo ya kurɓi shayi, ya nuna sama da haɓa.

"Ga kuskurenka can, gajimare. Alhazai masu komawa gida ne suka yi shatar motata. In ruwan farko ya riske mu tsakanin Adire da Abashe, rafukan nan suka kawo, to sai dai kowa ya nemi fartanya. Zan kai su Fallomi, in yi gyara, in jira kaya su haɗu, in juyo kafin damina ta kankama. Tsakanin isata da juyowata, nan Sakkwatonka take. Ka makara, sai kaka."

"In sai kaka kuwa, an ba wani aikina."

"To ka gani. Shi ya sa ni ba na tsayawa gaisuwa, ba na tsayawa ta'aziyya. Mai jin fitsari ya riƙe abinsa sai Abashe."

Jibirin ya yi dariya har da buga cinya. Hakan ma ya fi masa. Ya share ƙwallayen daga benci, ya biya shayin, ya ruga ya kama bas ɗin Mai Wurno tana shirin tashi.

Tun daga bakin unguwa ya hango takalma jibge a ƙofar zaurensu, ya san abin da ya tara su. A Mai Wurno wanda zai tafi yamma ba na gidansu kaɗai ba ne, na kowa ne. Da wuya ka sami gidan da bai baro wani a baya ba, ko a gida can ƙasar Hausa, ko a wani zango a tsakiyar hanya. In an ji mai tafiya, sai tsofaffi su fito da sallahu, kuma mai tarbiyya ba ya cewa a'a kai tsaye. Zauren ya cika, har da waɗanda rabonsa da ganinsu a waje tun Sallar bara.

Wata tsohuwa ta miƙo masa ƙullin turaren wuta, ta ce ya kai wa ƙanenta a Katsina.

"Gwaggo, ai ba ta Katsina zan bi ba. Wace unguwa yake?"

"Gidan kusa da marina. Kowa ya san shi, yaro ne dogo, mai wushirya."

"Yaushe rabonki da shi?"

"Shekarar fara."

Jibirin ya yi lissafi a zuci, ya ga yaron nan dogo in yana raye ko haƙoran da za a ga wushiryar ba shi da su. Bai faɗa ba. Ya ce Allah ya sa a dace, ya ajiye ƙullin gefe.

Baba Ɗanjuma, maƙwabcinsu na ƙofa da ƙofa, ya ja tabarma kusa, ya ce shi ba kaya gare shi ba, shawara ce. Kada Jibirin ya yarda a ruɗe shi da maganar mota. Daga Abashe zuwa Jinaina damina uku ce cur.

"Baba, Sambo ya ce ko kwana uku ba ta kai ba."

"Ƙarya shikai! Ni da na taka ta da ƙafata? Sau uku munka noma gero a tsakani!"

Aka yi ta dariya, shi ma Baba Ɗanjuma daga baya ya taya su. Sai ga Jibirin, wanda ya shigo da niyyar sallamar mutane da wuri, ya gyara zama ya hau tambaya. Ina suke kwana? Jakunan da suka taho da su ina suka ƙare? Da gaske ne akwai inda ake sayen ruwa da allura? Tsofaffin kuwa abin nema ya samu. Wannan ya ce ta nan aka bi, wancan ya ce a'a, ta can ne, aka kusa yin faɗa a kan wata rijiya da wataƙila ta daɗe da rufewa.

Amma a kan sallahu bai yi sanyi ba. Ya ce abin da ke bakin titi ya ɗauka, abin da sai an ratse a yi masa afuwa, motar ba tasa ba ce. Wasu suka ce ba komai, wasu suka tafi suna gunaguni wai 'ya'yan makarantar gwamnati ba su san zumunci ba. Shi dai ya ji daɗin kansa, ya tsare hanyarsa ba wanda ya lanƙwasa ta.

Mutum ɗaya ne bai ce uffan ba tun da aka zauna, Baba Audi, aminin mahaifinsa, wanda suka taho ayari ɗaya tun daga Gwadabawa. Sai da zaure ya watse ya dogara sanda ya miƙe.

"Iyarka fa, mi ta ba ka?"

"Iya ba ta da sallahu, Baba. Ita kaɗai ce a garin nan ta tausaya mini."

Baba Audi ya dube shi, ya ce, "Uhm." Ya sa takalmansa ya fita.

"Jibirin! Kai Jibirin! In ka gama sarautar taka ka zo ka ɗaga mini akwatin nan!"

Iya Mairo ce daga cikin gida, da muryar nan tata da ake ji har bakin kogi. Mace ce mai barkwanci, ba a gaya mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba. Ya same ta ta cika masa akwati da guzuri kamar mai shirin ciyar da motar Sambo duka: busasshiyar kisra, wato siririyar wainar dawa ta Sudan, soyayyiyar gyaɗa, dabino, garin kuɓewa.

"Iya, wa ya ce miki ba kuɓewa a Sakkwato?"

"Wa ya ce maka akwai? Ka taɓa zuwa?"

Ya durƙusa yana rage kaya don murfin ya rufu. A can ƙasa, ƙarƙashin rigunansa, hannunsa ya taɓa wani abu mai santsi. Ya jawo. Tobi ne sabo fil, irin lulluɓin da matan Sudan ke yafawa, shuɗi mai ratsin fari, ko ninkin kanti bai warware ba. A cikinsa an naɗe 'yar kwalbar humra.

"Wannan fa na wa?"

"Kaya ne. Ba ya cizo."

"A Gwadabawa wa zan ba?"

"Na ce maka Gwadabawa?"

"To ina?"

Iya ta juya ta hau wata kaza da faɗa, wai ta shiga mata shanya, alhali kazar tana can gindin bango tana harkarta. Daga nan ta shige madafa. Jibirin ya bi ta da kallo, tobin a hannu. Iya ce yau aka yi wa tambaya ta rasa amsa? Ruwa ba ya tsami banza. Ya tuna "uhm" ɗin Baba Audi, ya mayar da tobin, ya fita ko abinci bai tsaya ci ba.

Ya sami tsohon a lambunsa na bakin kogi, a inuwa, yana tufkar igiya. Ya gaishe shi ya zauna, ya faɗi abin da ya gani a akwati. Baba Audi bai daina tufka ba.

"Kai ne babba a ɗakin Mairo?"

"Ni ne mana, Baba."

"Da mi take kiranka?"

"Jibirin."

"Da ƙarfi ko a hankali?"

"Har nan ma kuna ji, ai."

"To ɗana, kai da anka ce ka fi kowa tambaya. Ka taɓa jin Bahausa ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari?"

Jibirin ya san al'adar sarai. Ya san matan unguwarsu da ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ko yabonsa aka yi a gabansu sai su kau da kai. Shi dai ya ɗauka zama da Larabawa ne ya wanke wa Iya wannan kunya. Har alfahari ya taɓa yi a wurin aiki, wai shi uwarsa wayayyiya ce.

"Ɗiyar Ɗanjuma fa," in ji Baba Audi, "wadda ke yi mata ɗiban ruwa. Mi sunanta?"

"Amina."

"Iyarka mi take ce mata?"

Jibirin ya hau lalube a ransa. 'Yar maƙwabta. Ke yarinya. 'Yar gidan Ɗanjuma. Shekara da shekaru yarinyar tana shiga gidansu tana fita, bai taɓa jin Iya ta kira ta da suna ba, kuma bai taɓa lura ba.

"Kana da ya," in ji tsohon. "Amina sunanta. Da ita munka baro Gwadabawa, tana goye. Ta yi wayo a hanya, har tana kora mana jaki. Muna gab da iyakar Sudan ƙyanda ta kama ta, ta kwanta kamar ba ta tashi. Jagoran da zai ƙetarar da mu ya ce ba shi jiran kowa, kuma in ya wuce ba mu da wani. Akwai wani malami Bahaushe, Malam Almu, da ya kafa ɗan zango a wajen. Matarsa ta ce a bar mata yarinyar ta yi jinya. Munka ce in mun dawo daga Makka mu ɗauke ta." Ya ɗaga igiyar ya duba ƙarfinta. "To ka dai ga dawowar."

"Tana raye?"

"Labarin ƙarshe da ubanka ya samu, ta yi aure can Zangon Almu, har da ɗiya. Shi ne mai tare matafiya yana tambaya, ya zo ya faɗa a tsakar gida kamar da bango yake magana, ita kuma tana daka tana saurare. Tun da ya rasu ba mai tambaya mata. Ita kuwa ba ta iyawa. Ko a mafarki Mairo ba ta cewa a gaishe mata da ɗiyar fari."

"Ni fa? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ubanka na kunyar ya bar ta, uwarka na kunyar ta haife ta. Wa zai gaya maka? Mu kuma ba maganarmu ba ce. Yau ma don na ga za ka wuce ta ƙofarta da tobinta a akwati ne."

Jibirin ya ji haushi, haushi na gaske. Sai yau? Sai da ya sayi tikiti, ya gama ɗinke hanya tun daga Sinnar har Sakkwato? Amma ƙarƙashin haushin tsohuwar cutarsa ta motsa. Yaya kamanninta? Doguwa ce kamar Iya? Tana jin Hausa, ko Larabcin Cadi ya cinye ta? Ta san ma akwai shi a duniya?

"Ina zangon yake, Baba?"

"Tsakanin Adire da Abashe. Akwai rijiya a bakin hanya, direbobi sun san ta. Daga nan ka yi kudu."

"Da nisa?"

"In ka sami jaki da safe, ka yi azahar can."

Bai tsaya sallama mai tsawo ba. Ya tarar da Sambo ya dawo daga Sinnar, yana ƙofar gidansu ana yi masa aski. Jibirin ya tsuguna ya faɗa masa komai a gurguje, ya roƙe shi ya tsaya masa yini ɗaya a rijiyar.

Sambo ya ɗaga wa wanzami hannu ya dakata. Wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Na san rijiyar. Wallahi, Jibirin, da motar tawa ce ni kaɗai da na tsaya. Amma mutum hamsin zan ɗauka, tsofaffi, wasu rabonsu da gida shekaru. In ajiye su a rana, gajimare na haɗuwa, in ce ana gaisuwa? Kuma yini ɗaya kake faɗa. Matar da ba ta ga danginta ba tun tana yarinya, ka shiga ka miƙa mata tobi ka ce sai an jima?"

"In na sauka, ba wata motar a bayanka?"

"Akwai, in ka yi sa'a, kuma cike take zuwa. Ka zauna bakin rijiya kana ɗaga hannu har Allah ya kawo mai tausayi. Kafin ka ga Fallomi ni na juyo. Kada in ruɗe ka, ɗan'uwa. In ka sauka, ka sauka. Zan tsaya in ɗauke ka a komowa, wannan na yi alkawari. Amma Sakkwato ba bana ba."

"Baɗi kuma ba ni da hutun da zai kai."

"To," in ji Sambo, ya miƙa wa wanzami kai.

Jibirin ya bi ta bayan gari ya koma gida, don kada ya haɗu da mai sallahu. Yana tafe yana sake jera hanyar a ka, ko akwai wata kafa da ya manta. In ya bar jirgin Maiduguri ya shiga mota zuwa Kano? In ya dawo ta jirgin sama? Da wane kuɗin? Duk ta inda ya juya ta, amsar Sambo ce. Ya ji kamar ya yi kuka, shi da gemunsa. Shekara biyu yana tambayar duk wanda ya fito yamma, ya san sunan tashoshin da ko masu garin ba su damu da su ba, ga shi abin zai ƙare a bakin wata rijiya a Cadi. Ba wanda ya tilasta shi kuma. Yana iya wucewa abinsa, ya ba wata gwaggo a Gwadabawa tobin, ya dawo, Iya ba za ta taɓa tambayarsa ba. Wannan ɗin ne ma ya fi ci masa rai.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya shiga. Iya tana bakin murhu tana yin kisra, tana shafa ƙullu a kan faranti da ɗan guntun kaba, tana ɗagowa tana jerawa a faifai. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da ita.

"Iya, daga wurin Baba Audi nake."

"Audi bakinsa ba ya ajiye magana. Tun a hanya haka yake."

"Ya gaya mini Zangon Almu."

Ta ɗebo ƙullu ta shafa.

"In sauka, Iya?"

"Ni na aike ka? Kai da za ka garin ubanka."

"In na sauka ba zan ga Gwadabawa ba. Sambo ba zai jira ni ba."

"To ka wuce mana. Wa ya riƙe ka?"

So yake ta ce masa sauka. Da ta faɗa, da ya sami wanda zai ɗora wa, ya ce uwa ce ta umarta. Ya zuba mata ido yana jira. Ba ta dube shi ba. Kisrar da ke kan wuta ta yi baƙi a gefe, ta fara hayaƙi, Iya tana kallonta ba ta ɗaga ba. Tun da ya yi wayo bai taɓa ganin ta ƙona kisra ba.

Ya sa hannu ya janye itacen.

"Zan sauka," ya ce. "Dama ina son in ga wace irin rijiya ce wannan da kowa ya sani ban da ni."

Iya ta kankare ƙonanniyar ta jefa wa kaji. Ta goge faranti da tsumman mai, ta daɗe tana gogewa. Da ta yi magana, ba shi ta fuskanta ba, murhu ta fuskanta, kuma muryar nan da ake ji har bakin kogi ta koma ƙasa ƙasa.

"Mai zuwa irin wurin nan ba ya shiga da tambaya kamar ɗan sanda. Ya fara gaida masu gida, su da sunka yi wahala. In matar malamin na raye, a durƙusa mata."

"To, Iya."

"Kada a ce wance ta aiko. A ce daga gabas."

"To."

Ta ɗebo ƙullu, ta tsaya da shi a hannu.

"In da yara a gidan, a tambayi sunansu. Duka. Kai da ba ka mantuwa, ka riƙe a ka, ka kawo mini."

"Zan riƙe."

"A fara da matan."

Jibirin ya kusa cewa don me, don bakinsa ya saba. Sai ya gane sunan da take nema a cikinsu, ko an sami wadda aka sa wa Mairo. Ya haɗiye tambayar, ya mayar mata da itacen cikin wuta.